Ƙwayar Hana Barci: Ƙarfin Aro Ce, Jiki Ne Ke Biya

Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu daga Potiskum ko albasa daga Aliero ya nufo Ikko cikin dare, ya san wannan abu ko da bai san sunansa ba. Yana cikin tafiya, ido ya yi nauyi, sai kwatsam fitilarsa ta hasko wata tirela da ta mutu a tsakiyar hanya, ba alama, ba ko ganye. Kafin ya yi wani tunani ƙafarsa ta riga ta danne birki. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi, barcin nan kuwa ya gudu kamar ba a taɓa yinsa ba. Bayan ya wuce lafiya, sai ya ji gwiwoyinsa suna rawa, jikinsa ya mutu murus.

Abin da ya tashe shi ba daga waje ya zo ba. A cikin jikinsa Allah ya ajiye shi saboda irin wannan rana. To, akwai wani jinsin magunguna waɗanda aikinsu shi ne su tayar da jiki kamar yadda tsoro ya tayar da direban nan. Waɗansu daga cikinsu suna ceton rai a asibiti kullum, waɗansu suna cikin maganin mura da ake saye a kemis, waɗansu kuwa su ne ƙwayoyin hana barci da ke yawo a ɓoye. Tun da yake mutanen Arewa mazauna Kurmi da yawa sana'arsu ta dare ce ko ta ƙarfi, watau tuƙi da gadi da dako da tura baro, ya kamata su san yadda waɗannan magunguna ke aiki, domin su bambance mai amfani da mai halakarwa.

JIJIYOYIN KO-TA-KWANA

A Hausa kalmar jijiya tana nufin abu biyu, akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki kamar wayar lantarki. A cikin jijiyoyin saƙo akwai waɗanda ba sa jiran izinin mutum. Babu wanda yake umurtar zuciyarsa ta buga, ko cikinsa ya narkar da tuwo. Waɗannan jijiyoyi masu cin gashin kansu sun kasu gida biyu. Gida ɗaya na hutu ne, shi ke rage bugun zuciya ya sa abinci ya narke. Ɗaya gidan shi ne za a iya kira jijiyoyin ko-ta-kwana, domin a shirye suke dare da rana saboda faɗa ko gudu.

Jijiyoyin ko-ta-kwana suna fitowa ne daga lakar ƙashin baya, tsakanin kafaɗa da ƙugu, su watsu zuwa zuciya da huhu da hanji da ido da fata da jijiyoyin jini. Idan saƙo ya iso bakin jijiya, sai ta fesa wani sinadari mai suna noradiranalin. Ban da wannan kuma, a kan kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai nauyin kimanin giram 5, wanda ke zuba ɗan'uwan wancan sinadari, watau adiranalin, kai tsaye cikin jini.

Da zarar sun fito, sai zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, hanyoyin iska na huhu su buɗe, baƙin ido ya faɗaɗa, hanta ta saki sukari, a janye jini daga fata da hanji a tura shi ga tsokar hannu da ƙafa. Zuciyar baligi mai hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, amma a wannan hali tana iya haura haka nesa. Sai dai an yi wannan tsari ne don ɗan gajeren lokaci. Cikin minti biyu zuwa uku jiki kan kawar da rabin adiranalin da ke cikin jini, shi ya sa direban nan ya ji jikinsa ya saki jim kaɗan bayan ya tsira.

KWAƊO DA MAKULLI

Wani masani ɗan ƙasar Japan, Jokichi Takamine, wanda ke aiki a Amurka, shi ya tace adiranalin tsantsarsa daga ƙullutun dabbobi, ya bayyana haka a 1901. Amma an daɗe ana mamakin yadda sinadari guda zai matse jijiyar jini a fata, ya kuma saki hanyar iska a huhu. A 1948 wani masanin magunguna na Amurka, Raymond Ahlquist, ya warware matsalar. Ya nuna cewa sinadarin kamar makulli yake, gaɓoɓin jiki kuwa suna da kwaɗo iri-iri. Ya kira iri ɗaya alfa, ɗayan kuma beta. Daga baya, a 1967, aka gane beta ɗin ma iri biyu ne.

A taƙaice, kwaɗon alfa ya fi yawa a jijiyoyin jini, in an buɗe shi sai su matse, jini ya hau. Beta na ɗaya yana zuciya, shi ke ƙara mata gudu. Beta na biyu yana huhu, shi ke buɗe hanyar numfashi. Adiranalin babban makulli ne, yana buɗe su duka.

Daga nan magungunan suka rabu kashi uku. Kashi na farko makullai ne da aka ƙera, suna zuwa su buɗe kwaɗo da kansu, kamar adiranalin na allura da salbutamol na masu fuka. Kashi na biyu ba su da makulli, sai dai su fasa rumbun da jijiya ke ajiye noradiranalin su kwararar da shi, ko su hana jijiya kwashe wanda ta fesa. Amfetamin yana fasa rumbu, hodar iblis tana hana kwashewa. Kashi na uku suna yin duka biyu, kamar efedirin. Wannan rabe-rabe shi ne ginshiƙin maganar, domin mai ƙera makulli yana iya zaɓar ƙofar da yake so, amma mai fasa rumbu ba ya zaɓe.

A HANNUN LIKITA

Wani lokaci zuma takan harbi mutum, ko a yi masa allurar da ba ta karɓe shi ba, sai fuska ta kumbura, maƙogwaro ya toshe, jini ya faɗi ƙasa. Irin wannan yana kisa cikin 'yan mintoci. Maganinsa allurar adiranalin ce a tsokar cinya, rabin miligiram ga baligi. Tana matse jijiyoyin jini, ta ƙarfafa zuciya, ta buɗe huhu, duk a lokaci guda. Haka nan idan zuciya ta tsaya cik, adiranalin yana cikin abin da likitoci ke bayarwa yayin da suke danna ƙirji. Macen da za a yi wa aiki a ciro jariri, idan allurar kashe jiki ta baya ta saukar mata da jini, efedirin ko ɗan'uwansa ake ba ta ya ɗaga shi. Likitan haƙori ma yakan yi amfani da allurar da aka gauraya da ɗan adiranalin, domin ya matse jijiyoyin dadashi, maganin ya daɗe a wurin, jini kuma ya ragu.

Masu fuka, watau asma, su ne suka fi kowa cin moriyar sanin kwaɗo da makulli. Maganin shaƙa na da yana buɗe beta na ɗaya da na biyu gaba ɗaya, ya saki huhu amma ya zaburar da zuciya. A shekarun 1960 an sami ƙaruwar mutuwar masu fuka a Ingila da waɗansu ƙasashe, aka danganta abin da wani mai ƙarfi daga cikin irin waɗannan magunguna. A 1969 aka fito da salbutamol a Ingila da sunan Ventolin, wanda ya fi karkata ga kwaɗon huhu. Yakan fara aiki cikin kimanin minti 5, ya yi awa 4 zuwa 6.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Waɗansu suna gudun abin shaƙar nan, wai in an fara ba a dainawa. Salbutamol ba ya sa maye, ba ya kama mutum kamar ƙwaya. Amma fa buɗe hanya kawai yake yi, ba ya warkar da kumburin da ke toshe ta. Wanda ya ga yana buƙatarsa fiye da sau biyu a mako, musamman a lokacin hunturu ko a wurin aiki mai ƙura da hayaƙi, alama ce ciwon bai kwanta ba, ya koma asibiti a ba shi maganin rigakafin tashinsa.

MAGANIN MURA BA ALEWA BA NE

Mafi yawan mutane a kemis suke haɗuwa da wannan jinsi ba su sani ba. Idan mura ta toshe hanci, jijiyoyin jinin cikinsa ne suka kumbura. Sinadaran da ake sa wa a maganin mura, irin su wanda akan rubuta pseudoephedrine ko phenylephrine a jikin kwali, suna buɗe kwaɗon alfa, jijiyoyin su matse, hanci ya washe. To, amma ƙwayar da aka haɗiye ba a hanci kaɗai take tsayawa ba, duk jiki take zagawa.

Saboda haka mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, su tambayi likita ko masanin magani kafin su sha. Dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita shi ma ya yi hattara, domin irin wannan magani yana iya riƙe fitsarin gaba ɗaya. A shekarar 2000 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta nemi a janye wani sinadarin mura da ake kira PPA a taƙaice, bayan bincike ya danganta shi da fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Maganin ɗigawa ko fesawa a hanci kuma kada ya wuce kwana 5 zuwa 7, in ya wuce sai hancin ya riƙa toshewa fiye da da duk sa'ad da maganin ya sake shi.

Masu sha'awar ƙwallo za su tuna da gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Ran 25 ga Yuni Ajantina ta ci Nijeriya 2 da 1, bayan wasan aka auna fitsarin Diego Maradona aka sami efedirin, aka kore shi daga gasar, aka kuma dakatar da shi wata 15. Hukumomin wasanni sun ɗauki efedirin abin zaburarwa ne, ba su ɗauke shi da wasa ba.

ASALIN ƘWAYA

Efedirin daga wani tsiro aka samo shi, wanda mutanen Sin suka daɗe suna magani da shi, suna kiransa ma huang. Wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya tace sinadarin a 1885. Amfetamin kuwa an fara haɗa shi a Berlin a 1887, aka bar shi shekara da shekaru ba a kula ba, sai a farkon shekarun 1930 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Benzedrine, abin shaƙa ne na buɗe hanci. Ba a jima ba mutane suka lura yana hana barci, yana kashe yunwa, yana sa mutum ya ji kamar ba abin da zai gagare shi. Dalili kuwa shi ne yana ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa, ya fasa rumbun noradiranalin, ya haɗa da na wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa jin daɗi.

Yaƙin Hitila ya watsa shi. Jamus tana da nata mai ƙarfi, watau metamfetamin, da sunan Pervitin, kuma tsakanin Afrilu da Yuli na 1940 an raba wa sojojinta ƙwaya fiye da miliyan 35. Sojojin Ingila da na Amurka da na Japan su ma an ba su irin nasu. Amma Jamus ɗin da kanta ta tsananta dokar sayar da shi a 1941, domin an ga abin da ke biyo baya. Japan kuwa bayan yaƙi ta faɗa cikin annobar shansa har ta kafa doka ta musamman a 1951. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a birnin Viyana wadda ta sa amfetamin cikin magungunan da ake tsananta wa tsaro. Har yanzu likitoci suna ba da shi ga masu waɗansu cututtuka ƙalilan, kamar ciwon barcin da ke kayar da mutum ba shiri, amma da awo da sa ido.

ƘARFIN ARO

Ga inda maganar take. Ƙwaya ba abinci ba ce, ba ta ɗauke da ƙarfi ko na anini. Abin da take yi shi ne ta buga ƙararrawar ko-ta-kwana alhali babu gobara, ta hana mutum jin gajiya da yunwa da ƙishirwa, waɗanda su ne masu gargaɗin da jiki ke da su. Misalinta kamar mai doki ne da dokinsa ya gaji, maimakon ya ba shi dawa da ruwa sai ya ƙara masa bulala. Dokin zai yi gudu, ko shakka babu, amma ba ƙarfi aka ƙara masa ba.

Adiranalin na tsoro minti kaɗan yake yi, metamfetamin kuwa sai an yi awa 10 ko fiye kafin jiki ya kawar da rabinsa. Duk tsawon wannan lokaci zuciya tana gudu, jijiyoyi a matse, jini a sama. Daga nan ne ake samun rikicewar bugun zuciya, da mutuwar faɗuwa, da shanyewar ɓarin jiki ga saurayin da bai kai shekara 30 ba. Zafin jiki ma yana hawa. A ran 13 ga Yuli 1967 wani zakaran tseren keke ɗan Ingila, Tom Simpson, mai shekara 29, ya faɗi ya mutu yana hawan wani dutse a gasar keke ta Faransa cikin tsananin rana, aka sami amfetamin da barasa a jikinsa. Ɗan dakon da ke sauke buhuna da tsakar rana a Mile 12 ko a kasuwar Anaca da ƙwaya a cikinsa, hanya guda ya bi da wannan mutum.

Sa'an nan rumbun da aka fasa yakan ƙare. Jijiya ba ta iya ƙera sinadari da saurin da ƙwaya ke kwararar da shi. Saboda haka wanda ƙwaya ɗaya ta ishe shi bara, bana sai biyu ko uku. Ran da ta sake shi kuwa sai kasala da baƙin ciki da barci mai kama da suma su rufe shi, ya ga ba shi da mafita sai ya sake sha. Ga direba wannan ne babban haɗari. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kuma barcin da aka danne bashi ne, ba a yafe shi. Yana iya zuwa na daƙiƙa uku ko huɗu, ido a buɗe, mota tana gudu. Kafin nan ma ƙwayar ta riga ta sa masa jin kai da gaggawa, ya riƙa wuce mota a inda da hankalinsa ba zai gwada ba.

Wanda ya daɗe yana sha yakan rame, haƙora su lalace, ya zama mai saurin fushi. Daga ƙarshe waɗansu sukan fara jin muryoyi, su ga kamar ana bin su za a kashe su. 'Yan'uwa sukan ce iskoki ne ko sammu, alhali ciwon yana cikin aljihun majinyaci.

A NIJERIYA

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun a shekarun 1970 likitoci suke kuka da yadda direbobi da leburori da 'yan ƙwadago a gonaki da ɗalibai masu shirin jarrabawa ke shan amfetamin. A 1989 gwamnati ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA. A da shigowa da kayan ake yi, amma a 2011 hukumar ta gano wurin dafa metamfetamin na farko a Ikko, a 2016 kuma ta kama wani babba a Asaba tare da waɗansu 'yan ƙasar Meziko. Da efedirin akan dafa shi sau da yawa, shi ya sa ake sa ido a kan shigo da efedirin ɗin. A 2021 garuruwan Gabas suka ɗauki kuka a kan abin da Ibo ke kira mkpuru mmiri, wanda shi ne metamfetamin mai kama da ƙanƙara. Mazauna Anaca da Aba da Inugu da Fatakwal su sani wannan abu yana kusa da 'ya'yansu.

Wani zai ce to goro fa? Goro da shayi da kofi suna ɗauke da kafin, wanda hanyarsa dabam ce. Yana toshe saƙon gajiya ne a ƙwaƙwalwa, ba ya fasa rumbu kamar amfetamin, ƙarfinsa kuma bai kama ƙafar nasa ba. Duk da haka yana ɗan zaburar da zuciya, kuma haɗa goro da lemon ƙarin kuzari da maganin mura a dare ɗaya tara wa zuciya kaya ne. Taramol kuwa ɗan gidan su kodin ne, ba na wannan jinsi ba, ko da yake shi ma yana taɓa noradiranalin, kuma yawansa yana sa farfaɗiya.

ABIN YI

Mai aikin dare ya nemi barcinsa da rana ko da a rarrabe ne. Direban da ido ya yi wa nauyi ya sami wuri amintacce ya tsaya, barcin minti 20 ya fi masa kowace ƙwaya. Masu motoci da dillalan kaya su ma suna da nasu alhakin, domin wanda ya ƙayyade wa direba lokacin da ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, da hannunsa a cikin abin da ya faru. Kowa ya riƙa auna jininsa, tun da hawan jini ba ya sallama. Kada a sayi ƙwaya tsirara wadda ba kwali ba suna, a hannun mai talla a tasha.

Idan aka ga wanda ya sha ƙwaya yana ciwon ƙirji, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ko bakinsa ya karkace, ko ya rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Wanda ta riga ta kama, asibitocin masu taɓin hankali na Yaba a Ikko da Aro a Abeokuta suna karɓar irinsa, zuwa can ba abin kunya ba ne. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin tasha a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu su ne suka fi kusa da samarin nan, maganarsu kuwa tana da nauyi.

Wanda ya baro iyalinsa ya zo Kurmi neman halali, jarinsa na farko jikinsa ne. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya.